Zauren Iyali: Ga Mai Aiki a Hannu da Ke Burin Tuƙa Jirgin Soja

  

A gidajenmu da yawa akwai saurayin da ya ci bak, hali bai ba shi damar zarcewa jami'a ba, ya kama aiki don ya tallafi iyaye. Wani yana koyarwa a lakwal bisa kwantaragi, wani yana riƙe wa ɗan kasuwa lissafi a Maraɗi ko Damagaram, wani yana aiki a kamfani a Yamai. A cikinsu akwai wanda ke ɗaga kai duk lokacin da jirgin soja ya ratsa, yana jiran ranar da ma'aikatar tsaron ƙasa za ta yi sanarwar konkur. Zauren namu na wannan fitowa zai tsaya kan irin wannan yaro da iyayensa. Mai neman a damƙa masa jirgi da rayukan da ke cikinsa, amana yake nema, kuma tun yana haɗa takardu ake gane ko zai iya riƙe ta.

Rundunar sojan sama ta Nijar ta faro a 1961 a matsayin ƙaramin rukunin jirage, ta samu sunan da take amsawa yanzu a 2003. Babban sansaninta mai lamba 101 yana jikin filin jirgin Diori Hamani a Yamai, akwai kuma mai lamba 201 a Agadas. Ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, wadda mafi yawanta hamada ce, ba ta wadatuwa daga jirgi wajen kai kaya da dakaru, da ɗauko majinyaci daga wuri kamar Dirku, da sa ido kan iyakoki. Sai dai jiragen kaɗan ne, saboda haka guraben matuƙa ma kaɗan ne. Horar da matuƙi ɗaya yana cin shekaru da dukiya mai yawa, kuma ɗaliban ƙasashenmu sun saba yin wannan karatu a makarantun waje, irin ta Marrakesh a Maroko, da ta Tafraoui a Aljeriya, da ta Salon-de-Provence a Faransa. Wannan ne dalilin tsananin tacewar da ake yi. Ƙofar kuma ba ta maza kaɗai ba ce: a 2015 Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin soja a Nijar, a 2020 kuma ta kammala horon tuƙa babban jirgin dakon kaya C-130 a Amurka.

A fara da likita

Matasa sukan fara da sayen littattafai, alhali abin da ya fi yawan tsayar da masu wannan buri yana cikin jikinsu. Kafin a kashe ko dala, a je asibiti a duba abubuwan da likitan soja zai duba. Na farko ido: ƙarfin gani daga nesa, da kuma bambance launi. Akwai faifan ɗige-ɗige masu launi da wani likitan Japan mai suna Ishihara ya tsara a 1917, da su ake gwada wannan har yau. Mutum yana iya kai shekara ashirin bai san ba ya rarrabe ja da kore yadda ya kamata ba, domin da haka aka haife shi, kuma abin ya fi yawa a maza. Fitilun jirgi da na filin sauka da launi suke magana, saboda haka wanda ke da wannan tawaya ba a ba shi tuƙi.

Na biyu jini. Amosanin jini, wanda wasu ke kira sikila, ya yawaita a yankinmu. Daga kimanin mita 3,000 zuwa sama iskar shaƙa tana raguwa sosai, kuma ƙarancinta ne ke lanƙwasa ƙwayoyin jinin mai wannan ciwo har su toshe hanyoyin jini. Mai SS ba shi da shiga wannan aiki. Mai AS kuwa, wanda ke ɗauke da irin ciwon ba tare da jinya ba, dokokin rundunoni sun sha bamban a kansa, hukuncin yana hannun likitan soja. Akwai cibiyar ƙasa mai kula da wannan ciwo a Yamai, kuma gwajin yana da amfani ko ba don aikin soja ba, tun da za a bukace shi kafin aure.

Sai kunne da haƙori da zuciya. Wanda aikinsa ke kusa da injin niƙa ko babban janareta ya riƙa toshe kunnensa tun yanzu, domin ƙara mai tsanani tana cin ji a hankali, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Haƙori mai rami yakan tayar da azababben ciwo idan nauyin iska ya sauya a sama, a gyara shi da wuri. Idan likita ya gano wata matsala, kada a nemi hanyar ɓoye ta. Wanda ya ɓoye farfaɗiya ko ciwon zuciya ya hau jirgi, ya sa ransa da na mutanen da ke bayansa cikin haɗari, kuma alhakinsu yana wuyansa.

Takardu da maganar shekaru

Sanarwar kowace shekara ce ke faɗin iyakar shekaru da irin bak ɗin da ake karɓa, ita za a karanta da kyau, kada a dogara da jita-jitar majalisa. Amma akwai takardun da kowane konkur na gwamnati ke nema, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, shaidar bak da makinta masu hatimin hukuma, hotuna, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa hukunta mutum ba. Wannan ta ƙarshe akan so ta kasance ba ta wuce wata 3 da fitowa ba, kuma bisa al'ada a kotun yankin haihuwa ake karɓarta. Wanda aka haifa a Tanut yana aiki a Yamai ya san tun da wuri wa zai karɓo masa, da lokacin da ya dace. A kuma duba rubutun suna: idan takardar haihuwa ta ce Mahamadou, ta bak ta ce Mamadou, wannan kaɗai yana iya sa a ajiye dosiye gefe, gyaransa kuwa yana cin makonni.

Mai aiki a hannu sau da yawa shekarunsa sun matso iyaka, a nan Shaiɗan yake shigowa da shawarar a je a yanko sabuwar takardar haihuwa a rage biyu ko uku. Abin ya zama ruwan dare har wasu iyaye ba sa ganin laifinsa, su ne ma ke nemo shaidu. To, shaidar zur ce, kuma Manzon Allah (SAW) ya lissafa ta cikin manyan zunubai. Iyakar shekaru a aikin soja kuwa ba baƙon abu ba ne a addininmu. Abdullahi ɗan Umar (RA) ya ba da labari cewa an gabatar da shi ranar Uhudu yana da shekara 14, Annabi bai ba shi izinin fita ba. Da aka gabatar da shi ranar Handaƙ yana da 15, aka karɓe shi. Ɗan Umar bai ƙara wa kansa shekara ba, mahaifinsa ma bai nema masa alfarma ba. Wanda ya rage shekaru ya shiga, ya ƙwace gurbin wani yaro mai gaskiya, kuma duk albashin da zai ci a kan wannan takarda zai ci shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne: takardun firamare da na kwaleji suna nan da tsohuwar ranar haihuwa.

Haƙƙin uban gida

Suratul Ƙasas ta ba mu labarin Annabi Musa (AS) a Madyana, inda aka yaba shi da ƙarfi da amana, aka ɗauke shi aiki bisa yarjejeniyar shekara takwas ko goma, bai kuma tafi ba sai da ya cika wa'adin. Lokacin da uban gida ke biya nasa ne. Malamin da ya bar ɗalibai suna surutu yana bitar lissafinsa, da ma'aikacin da ya kawo takardar jinya ta ƙarya don ya je gwaji, duka sun ci haƙƙin wani. Ko injin kwafi na ofis, a nemi izini kafin a buga dosiye da shi.

Hanyar halal tana nan. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta ba ma'aikaci hutun kwana 2 da rabi a kowane watan aiki. A tara su don ranakun jarrabawa da gwajin likita. A sanar da uban gida da wuri cikin ladabi, domin ya shirya wanda zai riƙe wurin. Sau da yawa shi ne ma zai sassauta lokaci ko ya rubuta shaidar kyawun hali. Kada kuma a ajiye aiki kafin sakamakon ƙarshe ya fito, gwajin likita yakan kayar da wanda ya ci rubutu. Ba a sakin reshe a kama ganye. Idan Allah ya ba da nasara, a ba da wa'adin barin aiki kamar yadda kwantaragi ya tanada, a miƙa lissafi da makullai cikin mutunci.

Lokacin karatu kuwa, babu kamar bayan sallar Asuba, kafin zafi da hidimar yini. Awa ɗaya da rabi kullum na tsawon wata takwas ya fi kwana ana karatu a makon ƙarshe. A dawo da lissafi da fizik na ajin ƙarshe, a riƙa yin tsofaffin tambayoyi da agogo a gaba. A saba da lissafin ka, domin matuƙi da ƙafa yake auna tsawo, da milin teku yake auna nisa, mil ɗaya kuwa mita 1,852 ne. Jirgin da ke gudun mil 120 a awa yana cin mil 2 a minti, kuma irin wannan ake so ya faɗo wa mutum ba tare da alƙalami ba. Kada a yi wasa da Ingilishi: tun 2008 hukumar jiragen sama ta duniya ta wajabta mataki na 4 cikin 6 ga matuƙan da ke ketare iyakoki. Sauraron labarai a rediyo minti ashirin kullum yana buɗe kunne. A ɓangaren jiki, a riƙa auna nisan da ake iya gudu cikin minti 12, gwajin da likita Cooper ya tsara wa sojan saman Amurka a 1968 rundunoni da yawa suka ara, a kuma ƙara nisan sannu a hankali.

Maganar gida

Albashin yaron nan wataƙila shi ke sayen hatsi da biyan kuɗin wuta. Idan ya tafi horo, shekaru zai yi, wataƙila a wata ƙasa. A zauna tun yanzu a yi lissafi: wa zai ɗauki nauyin, nawa za a riƙa ajiyewa kowane wata kafin tafiya. Mai mata ya shawarce ta da gaskiya. A kuma faɗa wa juna abin da aikin yake: soja ne, a lokacin da yankinmu ke fama da rashin tsaro, kuma wanda gwamnati ta horar yakan sa hannu kan zai yi mata aiki na shekaru masu yawa. Wani mutum ya zo wa Annabi (SAW) yana neman izinin fita yaƙi, da ya ji iyayensa suna raye sai ya mayar da shi ga hidimarsu. Saboda haka yardar iyaye ce gaba da komai. Su ma iyaye kada tsoro kaɗai ya sa su danne yaron da Allah ya ba basira. Kare ƙasa da rayukan jama'a aiki ne mai lada ga wanda ya gyara niyya. A yi istihara, a yi shawara da wanda ya san aikin.

A kiyayi ƴan tsakani masu cewa sun san wani babba, a kawo jika ɗari kaza. Gidaje sun sayar da gona da shanu a kan irin wannan alkawari, kuma Annabi ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa.

Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai samu ba, kada ya ɗauka darajarsa ta ragu. Abu Zarri (RA), duk da girman matsayinsa, ya nemi muƙami Annabi ya nuna masa cewa nauyin bai dace da shi ba. Harkar jirgi ma ba tuƙi kaɗai ba ce. Kowane jirgi yana bukatar makanikai da masu kula da na'urori, kuma a nan Yamai akwai makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA, wadda tun 1963 take horar da masu hasashen yanayi da ma'aikatan zirga-zirgar jirage na ƙasashen Afirka da dama. Lissafi da Ingilishin da aka koya za su yi amfani a konkur ɗinta, aikin da aka riƙe da amana kuma yana nan bai tafi ba.

Allah Ya shiryi ƴaƴanmu, Ya zaɓa musu abin da ya fi alheri, Ya tsare dakarunmu na ƙasa da na sama, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum.