Kumbotso, Ungogo, Gezawa: Ku Zauna a Tabarma Ɗaya

Birnin Kano ya daɗe da tsallake ganuwa. Mutumin da ke kwana a Rijiyar Zaki ko Bachirawa ɗan ƙaramar hukumar Ungogo ne, na Panshekara da Mariri kuma ɗan Kumbotso, amma da gari ya waye duk kasuwannin Kwari da Singa da Sabon Gari suke nufa. A ƙidayar 2006 Ungogo ta haura mutum dubu 360, Kumbotso ta kusa dubu 300. Tun daga lokacin gonaki nawa aka yanka filaye?

Nauyin birnin a wuyan waɗannan ƙananan hukumomi na gefe yake. Matatar ruwa ta Tamburawa tana Dawakin Kudu, masana'antun Challawa suna Kumbotso, kasuwar hatsi ta Dawanau tana Dawakin Tofa. Dattin da kogin Jakara ya kwaso daga cikin gari kuwa, dam ɗin Wasai da ke Minjibir yake kai shi, manoman rani su yi ban-ruwan latas da kabeji da shi, kayan su dawo mana kasuwa. Duk da haka kowane ciyaman shi kaɗai yake zuwa gidan gwamnati da takardar kokensa. Shi ya sa nake kira da su kafa haɗaka tasu, mai kujera da asusu da aikin da za a gani.

Tsarin mulki ya ba ƙananan hukumomi kwashe shara, gyaran magudanan ruwa, kasuwanni da tashoshin mota. Kotun Ƙoli ma, ranar 11 ga Yuli, 2024, ta yanke cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Hurumi akwai. Abin da babu shi ne goyon baya, kuma shi ne aikin.

Ciyamomi za su yi ɗari-ɗari, domin kowa yana tsoron ya yi aiki wani ya kwashe suna. A magance wannan tun farko: shugabancin ya zama karɓa-karɓa, allon kowane aiki ya ɗauki sunan kowa. Gwamnatin jiha za ta iya ɗauka ana haɗa mata kai ne, don haka a sanar da ita tun ranar farko, a ba hukumar tsara birane KNUPDA da hukumar kwashe shara REMASAB kujera, a nemi 'yan majalisar jiha na yankunan su kai maganar zaure. Babu ma uzurin jam'iyya, tunda a zaɓen Oktoban 2024 jam'iyya ɗaya ce ta lashe duka ƙananan hukumomi 44 na jihar.

Amma ni jama'a sun fi damuna. Talaka ya gaji da jin an kafa kwamiti. Matar da ruwa ya shigar mata ɗaki cikin dare, ta kwana tana kwalfewa da roba, goyo a baya, ba ta da buƙatar sanin kwalbatin da ya toshe na wace ƙaramar hukuma ne. So take a buɗe shi. To a fara daga nan. A zaɓi magudanar ruwa ɗaya da ta ratsa iyaka, a yashe ta tun kafin damina, a kira masu unguwanni da dagatai da ƙungiyoyin matasa masu aikin gayya, waɗanda dama su ke yin aikin da shebur ɗinsu ba ko sisi. Limamai su faɗa a huɗuba. A je rediyo a karanta nawa aka kashe, wa aka ba aikin, a bar layi a buɗe mutane su yi tambaya. In ruwan Agusta ya zo ya wuce ba a kwashe katifu ba, unguwar da ke maƙwabtaka da kanta za ta tura wakilai wajen kansilanta.

Ya ku ciyamomin Ungogo, Kumbotso, Gezawa, Dawakin Kudu, Dawakin Tofa da Minjibir, ɗayanku ya ɗauki waya ya kira sauran a wannan makon. Mu kuma masu zaɓe, duk wanda ya zo neman ƙuri'a mu tambaye shi matsayinsa kan wannan haɗaka.