SHARHI: Motar Farko Da Koyon Giyar Hannu, Lissafin Da Ke Gaban Iyaye

A yawancin manyan biranen ƙasar nan, da zarar yaro ya sami shiga jami'a, ko ya kammala hidimar ƙasa ya kama ɗan aiki, maganar mota takan taso a gidajen masu hali. Uba yana son ya fitar da ɗansa kunya a idon tsara, uwa kuma hankalinta bai kwanta da hawan babur da shiga motar haya da dare ba, shi kuwa yaron ya riga ya zaɓi irin wadda yake so tun kafin a tambaye shi. Abin da ba a cika tsayawa a duba ba shi ne, sayen motar farko zuba jari ne kamar kowane jari, kuma jarin da ya fi daraja a cikin al'amarin shi ne ƙwarewar da za a ba yaron kafin a miƙa masa makulli. A nan ne tsohuwar al'adar koyar da tuƙi da mota mai giyar hannu, wadda ake kira manuwal, ta cancanci a sake waiwayarta.

Ga waɗanda suka girma a shekarun 1970 da 1980, babu wani zaɓi da za a yi a kan wannan batu. Kamfanin Peugeot da ke Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, a shekarar ce kuma kamfanin Volkswagen ya fara nasa aikin a Legas, kuma kusan duk motar da ta fito daga waɗannan masana'antu mai giyar hannu ce. Fijo 504 ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce ta ɗan kasuwa, ita ce kuma ta direban tasha. Duk wanda ya ce ya iya tuƙi a wancan zamani, to ya san kuloci da giya da totur, ya kuma san yadda ake haɗa su. Sauyi ya zo ne bayan faɗuwar darajar naira a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kasuwa ta koma hannun motocin gwanjo da ake kira tokumbo a Kudu, 'yan Kwatano ko 'yan Beljiyam a Arewa. Daga baya shigo da su daga Amurka ya yawaita, can kuwa tun da kamfanin General Motors ya fito da giya mai canza kanta a motocinsa na 1940, jama'a suka rungume ta har ta kai sabuwar mota mai giyar hannu ta zama abin nema. Ta haka ne atomatik ta cika titunan Abuja da Legas da Kano, aka kuma sami matasa masu lasin a aljihu waɗanda ba su taɓa taka kuloci ba.

Wannan sauyi bai dami kowa ba a lokacin da mai yake da araha, dala kuma ba ta yi nisa ba. Amma daga 2023 lissafi ya canza. A ranar 29 ga watan Mayu na shekarar ne Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta tashi zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da hukuma ke sayarwa a kan naira 460 ko kusa da haka ta wuce naira 1,500 a cikin 2024. Da yake motar da kayan gyaranta duk da dala ake sayo su, kuɗin fito kuma da farashin dala hukumar kwastan ke lissafa shi, kowane ɓangare na riƙe mota ya yi tsada lokaci guda. Hatta inshorar dole ta motar gida, Hukumar Inshora ta Ƙasa ta ɗaga ta daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 tun daga watan Janairu na 2023.

Saboda haka kuskuren farko da iyaye kan yi shi ne auna mota da kuɗin da aka biya dillali kaɗai. Kuɗin saye sau ɗaya ake biyan sa, na mai da baƙin mai da taya da bakanike kuwa ba su da ranar ƙarewa. A ɗauki misalin yaron da ke tafiyar kilomita 30 a kowace rana, wato kilomita 900 a wata. Idan motarsa mai babban inji ce da ke cin lita ɗaya a kilomita 8, zai buƙaci lita 112 da rabi; idan ƙarama ce mai cin lita ɗaya a kilomita 12, lita 75 ta ishe shi. A farashin naira 1,000 kowace lita, bambancin ya kai naira 37,500 a wata, ko naira 450,000 a shekara. Idan aka tuna cewa mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, za a ga cewa abin da babbar motar ke ƙonawa a banza ya zarce rabin albashin ƙaramin ma'aikaci. Masu iya magana sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Uban da ya sayi ƙatuwar mota don a ce ɗansa ya shigo gari, ya kwana da sanin cewa ko dai ya ci gaba da ciyar da ita daga aljihunsa, ko kuwa ta zama kayan ado a tsakar gida.

Abu na biyu shi ne gyara. Motar da ta dace da mai koyo ita ce wadda bakaniken unguwa ya san cikinta, wadda kuma ake samun kayanta a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, ba tare da an jira saƙo daga waje ba. A wannan fanni giyar hannu tana da rinjaye. Abin da ya fi lalacewa a cikinta shi ne faifan kuloci, wanda kusan kowane gareji zai iya canza shi a yini guda. Giyabos ɗin atomatik kuwa, idan ya fara zamewa, sau da yawa gyaransa ya fi ƙarfin ƙaramin bakanike, abin da akan ƙare da shi shi ne sayen wani na gwanjo ɗungurungum wanda babu mai iya rantsuwa a kan lafiyarsa. Da yawa daga cikinsu ma zuba musu man da ba nasu ba ne ke kashe su. Akwai kuma wata ƙaramar fa'ida da direbobin karkara suka san darajarta: idan batir ya yi sanyi, mota mai giyar hannu turawa kawai ake yi ta tashi, atomatik kuwa sai an nemo wani batir ko an jawo waya daga wata motar.

Sai dai fa araha ba ta ado. Da yawa daga cikin motocin da ke shigowa daga Amurka a farashi mai jan hankali, waɗanda kamfanonin inshora suka yi gwanjonsu ne bayan haɗari ko ambaliya, aka gyara jikinsu aka shafe da fenti. Kowace mota tana da lambarta ta asali mai haruffa da alƙaluma 17, wadda hukumar kwastan kanta ta fara amfani da ita wajen ƙiyasta kuɗin fito a 2022, kuma da wannan lamba ana iya binciken tarihin motar da ta fito daga Amurka ta intanet kafin a biya kuɗi. Haka nan wajibi ne a tabbatar da takardun kwastan, musamman ganin cewa gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga watan Janairu na 2017, abin da ya sa motocin fasa-ƙwauri masu jabun takardu suka bazu a kasuwa. Uban da ya yi sakaci a nan, yana iya wayar gari ɗansa na tsaye a bakin hanya, jami'ai sun tafi da motar.

Duk wannan lissafin mota ne. Lissafin da ya fi muhimmanci na direban ne. Motocin da ke ɗauke da tattalin arzikin ƙasar nan har yanzu mafi yawansu masu giyar hannu ne: bas-bas na tasha, da Golf da Sharon masu jigilar fasinja tsakanin garuruwa, da Kanta mai ɗaukar kaya, da tirela da tanka da tarakta, da kuma akori-kura da yawa da ma'aikatu da kamfanonin gine-gine ke shiga karkara da su. Injiniya ko malamin gona ko ma'aikacin lafiya da aka tura ƙauye, wata rana direba zai yi rashin lafiya ko ya gaji a hanya, kuma motar da ke gabansa ba za ta tambayi takardar digirinsa ba. A ƙasar da matasa masu shaidar karatu ke neman aiki ruwa a jallo, iya tuƙa kowace irin mota sana'a ce da ake iya komawa gare ta idan al'amura suka tsaya. Wanda ya koya da giyar hannu zai saba da atomatik cikin ɗan lokaci, amma wanda ya koya da atomatik sai ya sake zama ɗan koyo. Ingila ta mai da wannan bambanci doka: wanda ya ci jarrabawar tuƙi da atomatik, lasinsa bai ba shi izinin tuƙa mai giyar hannu ba. Wannan ƙwarewa kuma ba ta 'ya'ya maza ce kaɗai ba. Diyar da za ta iya tayar da kowace mota ta kai mara lafiya asibiti da tsakar dare ta amfani gidan ubanta, za ta kuma amfani na mijinta.

Akwai batun rai, wanda ya fi na kuɗi nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Babu mai cewa giyar hannu maganin haɗari ce. Amma mai koyon da dole ya saurari ƙarar inji, ya haɗa ƙafa da hannu kafin mota ta motsa, yakan fahimci alaƙar da ke tsakanin gudu da nauyi da birki tun da wuri, kuma hannunsa ba ya samun sukunin riƙe wayar salula a cikin gari. Yakan koyi rage giya a gangare maimakon dogaro da birki kaɗai, darasin da duk direban da ya taɓa saukowa daga Hawan Kibo a hanyar Jos ya san ba na wasa ba ne. Ƙaramin inji ma kariya ne, domin matashi ɗan shekara 18 ba shi da buƙatar motar da ke ninka kilomita 100 a awa, wanda shi ne iyakar gudun da doka ta yarda wa motar gida a babbar hanya mai tagwayen layi.

Adalci ne a faɗi abin da masu ɗaya ra'ayin ke cewa, domin suna da hujja. Tsohuwar maganar cewa giyar hannu ta fi tsimin mai gaskiya ce ga tsofaffin motoci, amma atomatik na zamani da yawa sun kamo ta, wasu ma sun wuce. Taka kuloci sau ɗari a cunkoson Legas ko na Mararaba wahala ce ta gaske. Motoci masu aiki da lantarki ba su da kuloci sam, kuma can masana'antun duniya suka dosa. Ga mai larurar ƙafa ko hannu, atomatik rahama ce. To amma ƙasar da ke dogaro da motocin gwanjo takan gaji abin da wasu suka ƙera shekara goma ko fiye da suka wuce, manyan motocin aiki kuma sun fi ƙanana daɗewa a kan hanya. Yaron da ya karɓi lasin bana zai shafe wani babban yanki na rayuwarsa ta aiki tare da motoci masu kuloci. Ba dole ne motar da aka saya masa ta zama mai giyar hannu ba, amma bai kamata ya riƙe makullinta ba sai ya iya ɗayar.

Game da koyarwar kanta, fili da tsohuwar motar gida sun isa a fara, amma ba su isa a ƙare ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta shardanta wa mai neman lasin karo na farko ya cika shekara 18, ya kuma bi ta makarantar koyon tuƙi da ta amince da ita kafin jami'an duba motoci su gwada shi. Iyayen da ke ba ɗan shekara 14 makulli don ya zaga unguwa, ko masu biyan wani ya kawo lasin har gida ba tare da gwaji ba, kansu suke cuta. Kamata ya yi uba ya tambayi makarantar da irin motar da take koyarwa, ya nace a kan mai giyar hannu, sa'an nan ya zauna gefen yaron na wasu watanni a cikin gari da kan babbar hanya, da rana da dare, da rani da damina. Ya nuna masa duba baƙin mai da ruwan lagireto da canjin taya, ya kuma ɗora masa wani kaso na kuɗin mai daga abin da yake samu, domin wanda ke biya shi ne ke sassauta ƙafa a kan totur.

Daga ƙarshe dai, mafi yawan iyaye a ƙasar nan ba su da halin saya wa 'ya'yansu mota, amma da yawa suna iya biyan kuɗin 'yan makonni a makarantar tuƙi. Mota takan fara rage daraja tun ranar da ta bar wurin dillali, wata rana kuma 'yan gwangwan ne za su auna ta a sikeli. Iya tuƙin da aka koya da kyau kuwa yana tare da mai shi har tsufa. Iyayen da ke shirin zuwa kasuwar motoci a wannan shekara, zai fi musu alheri su fara biyawa ta makarantar tuƙi.