Kwatar Moduganari aikin ƙaramar hukuma ce

Daren 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya afka wa Maiduguri. Unguwar Gwange ta nutse, ruwa ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno, dabbobin gidan zoo na Sanda Kyarimi suka mutu, wasu suka tsere cikin gari. Rabon birnin da irin wannan ambaliya tun 1994. Cikin Oktoba kuma gwamnatin jiha ta sanar da ɓullar kwalara.

Gyaran madatsa aikin gwamnatin tarayya ne. Amma mazaunin unguwar Moduganari ya san ko Alau na nan daram, ruwan sama na sa'a guda kan mayar da layinsa tafki, domin kwata ta cushe da yashi da ledar ruwa. Wannan kuwa, bisa Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999, yana wuyan ƙaramar hukuma: magudanun ruwa, kwashe shara, ban-ɗakunan jama'a. Sai dai da bola ta taru, hukumar kare muhalli ta jiha, BOSEPA, ake kira, kamar ba a zaɓi ciyaman da kansila ba.

A da uzurin ƙananan hukumomi shi ne kuɗi na maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Komai jan ƙafar da ake yi wajen aiwatarwa, uzurin ya fara tsufa.

Abin da ya rage shi ne tsara aikin. Tsarin kula da muhalli da duniya ke kira ISO 14001, wanda ya fito a 1996, ba wani tsafi ba ne: a gano matsala, a ɗora wa wani alhakinta, a sa lokaci, a dawo a duba. A Moduganari hakan na nufin rajista ɗaya mai sunan kowace kwata da kowane juji, da wanda zai yashe su kafin watan Yuni, da ranar zuwan motar shara. Bulama da lawan, shugabannin gargajiya na unguwa, sun san lungun da ruwa ke kwana fiye da kowane injiniya, don haka da su za a rubuta ta. A manna kwafi a ƙofar masallacin Juma'a da ofishin kansila, duk wata uku majalisar ƙaramar hukumar birnin Maiduguri ta karanta a bainar jama'a abin da aka yashe da abin da ya rage.