SHARHI: Sayar da Sanyi a Ƙasar Zafi

A watan Maris na 2025 kansilolin garin Merthyr Tydfil da ke yankin Wales na ƙasar Birtaniya suka goyi bayan shirin gina katafaren zauren wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, tare da otal-otal, wanda aka ƙiyasta zai ci fam miliyan 300. Irin wannan labari yakan burge masu jari a ƙasashen zafi, musamman da yake an buɗe Ski Dubai tun 2005, sannan Ski Egypt ta biyo baya kusa da Alƙahira a 2017.

To, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. A 1993 aka buɗe zauren SSAWS a Funabashi ta ƙasar Japan bayan an kashe maƙudan kuɗi. Masu zuwa suka yi ta raguwa, aka rufe shi a 2002, aka rushe ginin. Dalilin a fili yake: dole injinan sanyi su yi aiki dare da rana, ko da ciniki ko babu. Na Dubai da na Masar kuwa duk a cikin manyan rukunan kantuna aka gina su, inda dama jama'a ke tururuwa da kuɗi a aljihu.

Ko a nan gida akwai abin lura. Otal ɗin Bagauda, wanda aka gina a zamanin Gwamna Audu Baƙo don masu yawon shaƙatawa, ya durƙushe, har daga bisani ya koma Makarantar Horar da Lauyoyi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Duk da haka, sanyi haja ce mai kasuwa a Arewa. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji, Shiroro da Zungeru, waɗanda aka gina don samar da megawat fiye da 2,000 a jimlace. Amma har yanzu manomin tumatir a ƙasar Kontagora, da masuncin Yawuri, da mai nonon shanu, ala tilas suke karyar da kayansu kafin rana ta lalata su. Waɗannan ba sa bukatar a yi musu talla kafin su biya kuɗin ajiya.

Saboda haka ya kamata attajirin da ke sha'awar wannan harka ya fara da ɗakunan ajiya masu sanyi, da masana'antar ƙanƙara, da motocin dakon kayan gwari, masu dogaro da hasken rana inda wuta ba ta tsayawa. Ita kuma gwamnati, kafin ta ba wani aikin shaƙatawa fili ko rangwamen haraji, ta nemi sanin wanda zai biya kuɗin wuta a shekara ta goma, da yawan mutanen da za su iya sayen tikiti.