Araha Ba Ta Ado: Lissafin Farfaɗo Da Tsohuwar Motar Ƙawa

Duk wanda ya san Potiskum ya san gari ne da ya ginu a kan taya. Nan hanyar Kano da ta Bauchi suka haɗu suka nufi Damaturu da Maiduguri, kuma daga kasuwar shanunta ake loda tireloli zuwa kudancin ƙasa. Saboda haka garin ya tara makanikai da masu walda da masu gyaran jikin mota. Ganin haka, wani matashin ɗan kasuwa kan yi sha'awar sayen tsohuwar motar ƙawa mai ƙofa biyu, irin su Toyota Celica ko Honda Prelude, ya girke ta a ƙofar gida yana gyara a hankali. Shawara ce mai kyau, amma sai ga wanda ya yi lissafi tun kafin ya biya kuɗi.

Gyaran tsohuwar mota ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, ma'aikaci kan iya sayen sabuwa. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari mutane, sai aka koma ga na hannu daga Turai ta Legas da Kwatano. A 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, a 2023 kuma aka cire tallafin man fetur, naira ta ƙara faɗuwa. Kowane mataki daga cikin waɗannan ya ƙara wa motar da ke cikin gida daraja.

To, amma kuɗin saye ba shi ne kuɗin mota ba. Abu na farko da mai saye zai duba shi ne kayan gyara. Toyota ta daina ƙera Celica tun 2006, don haka fitila ko gilashin baya kaɗai na iya ajiye motar wata da watanni. Mai hankali sai ya zaɓi wadda ta haɗa kaya da motar da ta cika gari. Golf GTI, alal misali, ta yi tarayya da Golf ɗin da 'yan haya ke ja a abubuwa da dama.

Na biyu shi ne yanayi. An ƙera waɗannan motoci kusa da ƙasa, domin shimfiɗaɗɗen titi. A nan kuwa rami guda ya isa ya fasa ƙasan injin ko ya cire salansa. Zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska. Wajibi ne a fara da lagireto da fanka da birki, a sauya bel ɗin taimin, domin tsinkewarsa a wasu injuna kan lalata kan injin baki ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawar yin fenti da sayen tayoyi masu walƙiya, alhali injin na shan baƙin mai. Haka nan a leƙa ƙarƙashin motar, domin gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cinye ƙarfe, tsatsar shasi kuwa ba ta da magani mai araha.

Na uku shi ne takardu. Motar da ba ta da shaidar biyan kuɗin kwastan, ko lambar shasinta ta saɓa da ta takarda, asara ce komai kyawunta. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

A ganinmu, ɗan kasuwa ya ɗauki aikin tamkar kowane jari. Ya tafi da bakanike amintacce wajen ciniki, ya rubuta kuɗin kaya da ladan aiki, ya gwada jimlar da farashin da motar za ta yi bayan gyara. Idan jimlar ta zarce, to nishaɗi ya saya, kada ya taɓa uwar kuɗin shagonsa. Wanke-wanke, sauya mai da filogi ana iya yi a gida, amma buɗe injin da aikin waya na masu sana'a ne.

Daga ƙarshe, ribar gaskiya tana ga garejin Potiskum. Motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 kwamfuta ke sarrafa injinsu, kuma kunne kaɗai ba ya gano cutarsu. Ya kamata masu hannu da shuni su zuba jari a na'urorin gwaji, Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke garin kuma ta haɗa hannu da ƙungiyoyin makanikai wajen horas da yara. Garin da ya iya raya tirela ba zai kasa raya ƙaramar mota ba.