Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate

Mai girma Minista,

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin haihuwa na wani asibitin gwamnati a Arewa. Abin da ya sa na rubuto maka shi ne kwamfutar da aka kawo mana don adana bayanan marasa lafiya.

Tsakani da Allah, tana da amfani. A da mace za ta zo da naƙuda tsakar dare, ɗakin kati a kulle, fayil ɗinta ya ɓace tun awon ciki na biyu, sai mu hau tambayarta tana murƙususu. Yanzu da lambarta kaɗai muna ganin rukunin jininta, da ko an taɓa yi mata tiyata, da maganin da jikinta ba ya so. Wahalar karanta rubutun likita ta ragu, sakamakon gwaji kuma yana isowa ba sai an aiki ɗan'uwan mara lafiya ba.

Amma ranka ya daɗe, aiki biyu muke yi. Da yake wuta ba ta da tabbas, sabis kuma yana ɗaukewa, shugabannin asibitinmu sun ce duk abin da muka shigar a kwamfuta mu rubuta shi a takarda. Awon jini sau biyu, allura sau biyu, ƙarin ruwa sau biyu. Mu biyu ne a aikin dare. Na sha zama ina jiran shafi ya buɗe, mai jego tana kirana daga gado na ƙarshe, ina cewa ta yi haƙuri ina zuwa. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana da lokacin jiran shafi ya buɗe?

A watan Oktoban 2024, da jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda babu wutar lantarki, janaretonmu ga ɗakin tiyata aka bar shi, kuma daidai ne. Muka koma takarda zalla. Da wuta ta dawo aka ce mu shigar da duk abin da ya taru. Wasu bayanan sun shiga, wasu har yau suna cikin fayil. Likitan da ya duba kwamfuta kaɗai rabin labari zai gani, kuma da rabin labarin nan zai rubuta magani. Wannan ya fi komai hana ni barci. Aiki biyu ya gajiyar da mu, ya kuma raba tarihin mara lafiya gida biyu.

Kai ba baƙon wannan ɗaki ba ne. Kana shugabantar hukumar lafiya a matakin farko aka soma tura ungozomomi karkara a 2009, kuma mata da yawa sun rayu ta dalilin haka. Shi ya sa nake mamaki da ake ta maganar mayar da harkar lafiya kan na'ura ba a ji bakin masu jinya ba, alhali mu muka fi kowa rubutu a asibiti.

Sauran koke-koken a taƙaice: horon yini biyu da aka ba mu bai isa ba. Kalmar sirri ɗaya muke amfani da ita mu duka, duk da dokar kare bayanai ta 2023. Manhajar wannan asibiti ba ta karanta ta wancan. Kuma harin intanet na Mayun 2017 da ya durƙusar da asibitoci da dama a Ingila zai iya zuwa nan.

Roƙona, ka kafa sharaɗi: kada a girka manhaja a kowane asibiti sai da sola da batir na kanta, kuma ta iya aiki ko babu sabis, sannan a soke rubutu biyu. Abokan aikina suna ta haɗa takardun tafiya Ingila da Saudiyya, kuma gajiya irin wannan tana cikin abin da ke korarsu. Don Allah, Farfesa, ka shigo ɗakin haihuwa wata rana da ƙarfe biyun dare, ba tare da sanarwa ba, ka tsaya bayan nas minti goma tana jiran shafi ya buɗe.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya