Shelar da Ake Aikawa Daga Nesa

A birnin Mancesta na ƙasar Ingila, ran 21 ga Yuni 1948, Freddie Williams da Tom Kilburn suka tayar da kwamfuta ta farko mai riƙe umarninta a cikin ƙwaƙwalwarta. Ita kaɗai ce a ɗakinta, ba ta da abokiyar zance. A 1984 aka kafa JANET, hanyar sadarwa wadda ta haɗa jami'o'in Birtaniya, har da ta Mancesta da ta Barmingam. Da yawan zance kuwa sai da mai tsaron ƙofa, watau na'urar da a ke kira rauta, wadda ta ke duba adireshin kowane saƙo, ta nuna masa hanya.

Yawancin saƙonni na'ura ɗaya a ke nufa da su. Amma akwai wani iri mai kama da wasiƙar da aka rubuta a bayanta, a ba dukan mutanen unguwa kaza. Ya taso daga Mancesta, rautocin hanya su yi ta miƙa shi kamar kowane saƙo, domin ba su san bambancinsa ba. Sai ya kai rautar ƙarshe a Barmingam, ita ce za ta gane cewa adireshin na kowa da kowa ne, ta zama mai shela. A ƙaramar unguwa, lambar da ta ƙare da 255 ita ce ta shela, na'urori har 254 su na iya jin ta.

Ƙa'idar da masanan intanet suka rubuta a 1995 ta ce rauta ta fito daga masana'anta da wannan ƙofa a buɗe. Zamanin amana ke nan. A 1997 maɓarnata suka gano dabara: su aika da irin saƙon nan na tambayar ko na'ura ta na nan, amma su sa adireshin wani bawan Allah a gurbin nasu. Unguwa duka ta amsa masa a lokaci guda. Su maimaita da unguwanni da yawa, sai amsoshi su toshe hanyarsa, aikinsa ya tsaya cik. A watan Agusta 1999 aka juya ƙa'idar bisa rubutun Daniel Senie: ƙofa ta zo a rufe, mai so ya buɗe da hannunsa.

Wannan hukunci daidai ne. Abin lura shi ne, mai rautar da ta yi shela ba shi ya fi shan wuya ba, wani ne can nesa wanda bai san shi ba. Don haka babu abin da zai tura shi ya gyara. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Masu ƙorafi su na da hujja, gaskiya. Ma'aikacin da ke Mancesta ya kan so ya tashi kwamfutocin ofishin Barmingam da dare don a sabunta su, kwamfutar da ke barci kuwa da shela aka fi samunta. To, ba a hana shi ba. Sai ya buɗe wa unguwar nan kaɗai, ya rubuta wa rauta adireshin na'ura ɗaya da aka yarda ta yi kiran, duk wata shela daga waje kuwa a zubar da ita a bakin ƙofa.